Ƙugiyar da Na Bari Ta Huce

Da zan taso daga Yawuri zuwa karatu a Alƙahira, abin da mahaifina ya damƙa mini cokali ne. Tsohon cokalin shayi na tagulla, ya yanke masa mariƙi, ya huda shi, ya ɗaura ƙugiya a gindinsa. In ka jefa shi a ruwa kana ja, sai ya riƙa juyi yana walƙiya kamar ƙaramin kifi mai ciwo, giwan ruwa kuwa ba ya iya kau da kai. Ina shekara ta biyu a karatu Allah ya yi wa tsohon rasuwa, ban samu zuwa jana'iza ba. Cokalin nan kaɗai nake da shi da ya fito daga hannunsa.

Ranar da babu darasi nakan hau mikrobas, ƙaramar motar haya, daga unguwar Faisal in sauka bakin Nilu da sassafe in yi fatsa. A nan na san wani Alhaji, Bahaushen Sudan mai shagon kayan waya a unguwar Ard al-Liwa. Kayan fatsarsa duk na kanti ne, sai sheƙi. Shekara da shekaru yana cika baki a wurin shan shayin 'yan'uwa Hausawa cewa sai ya ciro giwan ruwa daga Nilu, amma karfasa kawai yake kaiwa gida, har an mai da shi abin tsokana.

Wata safiya igiyoyinmu suka sarƙe a ruwa. A garinmu in haka ta faru, ku biyun za ku tsuguna ku warware ko da za ku wuni a kai. Ba a sa wuƙa a igiyar wani. Ina cikin janyo tawa a hankali, sai na ga ya zaro almakashi.

"Alhaji, tsaya! Na mahaifina ne!"

Ya datse tawa. Ina kallo cokalin ya yi walƙiya sau ɗaya ya nutse.

"Khalas ya zol, ya isa haka malam, cokali ne fa," in ji shi. "Je Wustul Balad, can tsakiyar gari, ga su nan jibge."

Na koma gida na rufe ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwa. Daga ranar na tsani mutumin nan, tsana mai sanyi wadda ba ta hana gaisuwa.

Alhaji mutum ne mai zubar da kaya. Ƙugiya ta yi tsatsa, ya wurgar. Kifin roba ya tsage, ya wurgar. Sai na shiga bin bayansa ina tsincewa. A gida in kunna gas, in gasa ƙugiya har ta yi ja tsatsar ta kakkaɓe, in tsoma ta nan take cikin mai don ƙarfinta ya dawo. Haka mahaifina ke yi. In kuwa ka bar ta ta huce da kanta, a ido lafiya lau take, amma ta yi laushi kamar wayar shanya. Da cokulan gwanjo da gashin kaza na haɗa sababbi, kifi kuma ya fara amsa mini a gaban idonsa, da sharar da shi ya zubar.

Ya daure, ya daure, har ya kasa.

"Ɗana, ba za ka yi mini irin naka ɗaya ba?"

"Tamam, Alhaji. Ai kai uba ne."

Ban taɓa ƙawata aiki kamar nasa ba. Na goge cokalin da toka har ina ganin fuskata. Ƙugiyar kuwa na gasa ta ta yi jawur, na ajiye ta a bakin taga, na zauna ina kallonta tana hucewa.

Na kai masa, ta kama masa ƙananan kifaye, ya yi ta sa mini albarka. Ni dai ina jira. Ran nan da hantsi sandar fatsarsa ta lanƙwashe, ya yi ihu. Giwan ruwa ne, wallahi ban taɓa ganin irinsa a Nilu ba. Suka yi ta ja-in-ja, gumi ya jiƙa masa jallabiya, yana ta salati. Ya kawo shi dab da gaɓa, har bayansa ya fito fili. Sai igiyar ta saki. Ya janyo cokalin, ƙugiyar ta miƙe sambal kamar allura. Ya zauna a ƙasa daɓas. Daɗin da na ji a lokacin, ba zan ɓoye ba, har cikin ƙashina.

Da yamma a wurin shayi ya buɗe hannuwa iya tsawonsu yana ba da labari. 'Yan'uwa suka fashe da dariya, wani ya ce ko dai tayar mota ya kamo. Ya waiwayo gare ni, idonsa ya ciko.

"Ga shaida! Ɗana, gaya musu, ai kana wurin."

Na kurɓi shayina, na ajiye kofin.

"Ina wurin, Alhaji. Ni dai ban ga kifi ba."