Ƙwaryar da Malam Isa Ya Karɓa

A Maraɗi, bayan sallar isha'i, Kaka Hajo takan tara mu a gefen murhu tana gasa mana gujiya a toka. Tatsuniyoyinta duk sun ɓace mini, ban da labarin mahaifinta, Malam Isa.

Da ƙafa ya tafi aikin hajji. Guzuri ya ƙare, hanya ta karkata da shi kudu, har ya zama ɗan dakon wani Bature mai ratsa ƙasar ƙabilar Masai yana auna duwatsu da tabkuna. Zazzaɓi ya kayar da shi a tsakiyar fili. Baturen ya sa aka ɗauki akwatin da yake dako aka ɗora wa wani, ayari ya wuce.

Wata tsohuwar Masai ce ta tsince shi, leɓɓansa duk sun tsage. Ta miƙo masa a ƙwarya abin da suke ba majinyaci: madara gauraye da jinin saniya, da ɗuminsa. Mutumin da ya nufi Ɗakin Allah! Ya kau da kai, ta sake miƙowa, ya sake kaucewa. Da ya ga ungulu sun fara sauka, sai ya karɓa yana kuka.

Nakan toshe hanci in ce, "Tir! Ni gara in mutu."

"Kai angona, rufa mana baki," in ji Kaka. "Kai da azumin rabin yini ke kayarwa? Da bai sha ba, wa za ta gasa maka gujiya?"

Na tuna da shi can ƙetaren teku, a unguwar Bronx, a sanyin da hukuma ta kwashe mini tebur da jakunkunan da nake sayarwa a bakin titin Canal Street. Ba takardar zama, ba aiki, matata da tsohon ciki, 'yata Amina tana kwana da yunwa. Na bi shagunan 'yan'uwa har unguwar Tompkinsville, kowa sai ya ce, "Sai haƙuri, Malam." Wuri ɗaya ne ya ce in zo: kantin da zan riƙa yanka naman alade ina jera giya a firji. Na tsaya a ƙofarsa, wallahi sai da na yi hawaye. Na shiga, har yau kuma ina can.

Shan da Malam Isa ya yi ya daina ba ni mamaki. Abin da ya fi ƙarfina shi ne yadda ya dawo gida, ya zaunar da 'yarsa, ya faɗa mata da bakinsa. Jiya Amina ta shinshina rigata, ta tambaye ni da Turancinta me nake sayarwa a wurin aiki.

Na ce mata burodi.