Iskar da ke Cikin Jinin Inna

Ni na jawo abin, da rawar kaina. Inna na fama da hawan jini, tansiyo kamar yadda muke cewa, sai na sayo mata kwalbar wasu ƙwayoyi a Dogon Dutsi, inda nake koyarwa. An rubuta arginine a jiki, an ce suna taimakon zuciya. Na aika mata can garinmu, Ɗan Kassari, ina jin kaina rabin likita.

Inna ta ga kwalbata ta fi kyau, kuma daga hannun 'yarta ta fito, sai ta ajiye ƙananan ƙwayoyin asibiti ba ta gaya wa kowa ba. Wata safiya tana sussukar gero jiri ya kwashe ta.

Na iske ta a asibitin garin. Majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya auna ta, ya juya kwalbar, ya dube ni har na rasa inda zan sa fuskata. Ya ce abin ba guba ba ne, akwai shi ma a cikin gyaɗa da waken da Inna ke nomawa. Jiki yana mai da shi wata iska 'yar mitsitsiya, ita ke sa jijiyoyi su saki, jini ya wuce. Amma bai isa ya maye gurbin maganinta ba.

Inna ta ɗago. Mu Arawa ne, in an ce iska ba ta sararin sama muke fara tunawa ba.

"Mi kac ce? Iska cikin jinina?"

Majo ya ce, "Ba irin wadda ta ke hawan mutane ba, Inna. Kowa na da ita."

"Har liman?"

"Har liman."

Ta tsaya tana kallon bayan hannunta. Ni ma da bokona, abin ya ba ni mamaki. Shekara da shekaru abin nan na aiki a cikinta, ba ta taɓa sani ba.

Majo ya sa mini abin sauraronsa a kunne, ya ɗora a ƙirjinta. Na ji bugu mai nauyi, kamar daka a gidan maƙwabta. A ƙarƙashin wannan bugun na kwanta wata tara, ga shi na kusa tsayar da shi da kyauta. Hawaye suka zubo mini.

"Ɗiyata, bar kuka," in ji Inna. "Miƙo min ƙanƙanen nan na asibiti in sha."