Ƙarfen da Baba ke ɗaurawa a ƙugu

Mahaifina dillalin albasa ne a kasuwar Head Bridge, a Anacha, kuma tun ina ƙarama na san shi yana tafiya a ɗan karkace. Mutanen unguwa sun ɗauka ɗaukar buhu ne ya taɓa masa ƙugu. Ni ba mai yawan tambaya ba ce, kallo na fi iyawa. Idan yana nafila a ɗaki, nakan ga ya danne gefen damarsa da gwiwar hannu kafin ya yi ruku'u, a zaman tahiya kuma sai ya kwanto hagu, fuskarsa a ɗaure.

Shekarar da na shiga makarantar koyon jinya a Inugu, cinyarsa ta dama ta fara zafi kamar an zuba barkono. Inna ta ce sanyi ne, ta aika aka kira wanzami ya yi masa ƙaho. Baba ya naɗe ƙafar wando, ya ce a tsaya iyakar gwiwa.

"Alhaji, ai ciwon a sama yake. Sassauta mazagin nan mana," in ji wanzamin.

"Yi inda na nuna maka."

"To, in zinare ka ɓoye a ciki, a tuna da mu ranar rabo."

Inna ta yi dariya. Baba bai yi ba.

Da na dawo hutu na tarar zafin ya tafi, Inna tana ta yaba wanzami. Ni kuwa ban yi murna ba, don Baba yana da ciwon suga, kuma na riga na karanta abin da irin wannan sauƙin yake nufi: ba warkewa ba ce, wurin ne ya daina ji. Kwana uku ina juya maganar a raina. Ranar Juma'a da hantsi na shiga ɗakinsa da tsinken tsintsiya, na roƙe shi ya rufe ido. Na soka masa a ƙwauri, ya janye ƙafa. Na soka a gefen cinya ta saman wando, na ƙara dannawa.

"Kin fara ne, Uwata?" Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa ne da ni.

Na ce masa akwai jijiyar da ke bi ta ƙashin ƙugu, wani abu yana danne ta shekara da shekaru. Sai Baba ya tashi ya tura ƙofa, ya ɗaga riga.

Ƙaramar bindiga ce, baƙa, a naɗe cikin hankici, mazagin wando ya ɗaure ta tam da jikinsa. Da ya zare ta sai na ga gurbinta. Fatar wurin ta yi baƙi ta yi kanta, a tsakiya akwai gyambo mai faɗin kwalbar turare yana tsattsafo da ruwa. Bai san da shi ba.

Ya ce tun shekarar da rikici ya sa muka kwana a barikin soja yake ɗaure da ita. Ina goye a lokacin. Bai taɓa harba ta ba, ko Inna ba ta san yana fita da ita ba.

"Baba, in ba ka daina ɗaura ta a nan ba, ciwon nan zai ci har ƙashi. Ƙafar za a iya rasawa."

"In ajiye ta a gida, in tsallaka titin nan haka kawai?"

"Ko ka mayar da ita hagu, kafin wurin ya warke."

"Nan hannuna ya sani. Ranar da abu zai faru ba za a jira ni in yi lalube ba." Ya ɗan murmusa. "Ke kin karanta littafi, Uwata. Ni na ga abin da na gani."

Na wanke gyambon da ruwan gishiri, na sa auduga da bandeji, na liƙe gefe huɗu daidai yadda aka koya mana. Ya yaba aikin. Sai ya ɗauki bindigar ya ɗora a kan farin bandejin, ya ja mazagi ya ƙulle.

Washegari na raka shi wajen kasuwar Ochanja. A nan na lura da abin da ban hango ba. Tun da wurin ya mutu, Baba ba ya jin nauyin bindigar, sai ya taɓa yake tabbatar tana nan. Daga bakin layinmu zuwa inda 'yan okada, masu haya da babur, ke tsayawa, sau goma sha ɗaya hannunsa ya kai ƙugu. Na ƙirga.

Wani ɗan okada da ke zaune a kan babur yana cin gyaɗa ya bi hannun da ido. Ya taɓo na kusa da shi, ya faɗa masa wani abu da harshen Ibo a hankali. Ya daina tauna, su biyun suka zuba wa ƙugun Baba ido.

"Alhaji, zo mu tafi," in ji mai gyaɗar, yana buga sirdin babur.

Baba ya ja ƙafar dama ya nufe shi, hannunsa ya sake komawa wurin.