Babban Akwatin Kifin Baba

Shekarar da aka rufe gadar kan iyaka aikina ya tsaya. A bakin duwan, wato ofishin kwastan, nake cika wa direbobi takardun kaya, to da manyan motoci suka daina ƙetarawa Gaya sai na koma abin da ya samu, yau in taya wani lodin albasa a kasuwa, gobe in wuni zaune. A shekarar ne kuma ɓarin jikin Baba ya shanye, muka ɗauko shi daga Madekali ya dawo wurina.

Baba masunci ne tun yana yaro, zaman ɗaki ya fi ciwon damunsa. Sai na samo masa wani ɗan akwatin gilashi wajen wani mai gidan abinci da zai tashi. Wani abokin su Baba ya kawo kifin da za a zuba, 'yan karfasa da ƙurungu ɗaya, duk ba su wuce yatsa ba, muka ajiye su gaban katifarsa. Ni ban kawo a raina za su girma ba.

Kafin damina ta fita sun kai tafin hannu. Ruwan da na canza yau, jibi ya yi kore.

"Kihin nan sun matsu," in ji Baba. "Dubi wanga, ko juyawa bai iyawa."

"Baba, mu maida su gulbi mana, a kawo maka ƙanana."

Ya juya fuskarsa bango. Ranar bai ci tuwo ba.

Na je wajen mai yankan gilashin tagogi a bayan kasuwa, na ce ya haɗa mini babban akwatin kifi. Bai taɓa haɗa irinsa ba, amma ya ce zai iya. Ya yi ta ce mini gobe har na daina ƙirga. Da ya gama, a amalanken jaki muka kawo shi, ina tafe a gefe na dafa shi, kowane rami sai in ƙara riƙe shi. Tsawonsa ya kusa na gado, dole muka fitar da akwatin kayan matata daga ɗakin.

Na cika shi da ruwan famfo don gwaji. Kafin la'asar ruwa ya bi ta ƙarƙashi ya jiƙa tabarma har gefen katifa. Matata ta kwashe kaya ta shanya, da muka fito tsakar gida ta dube ni.

"Malam, jinya muke ko kiwo?"

Washegari na koma na ɗauko mai gilashi a kabu-kabu, ya sake bin kusurwoyi da gam, ya ce a bar shi ya bushe.

Da na zo zuba ruwa Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya.

"Ba na famfo ba. Magani gare shi, kashe su za ya yi. Ka tahi gulbi."

Haka na yi ta jigilar jarkoki daga bakin gulbi a babur ɗin aro, da yashi, da 'yan duwatsu. Ta wajen da kwale-kwale ke lodin mutanen ƙetare nake ɗiba, direbobin da na saba da su suna zaune a inuwa suna kallona. Wani ya tambaye ni ko sayar da ruwa na koma. Na ce masa kusan haka ne.

Da ƙoƙo na kwashe kifin ɗaya bayan ɗaya. Ƙurungun ya soke ni a babban yatsa, hannun ya kwana yana zogi. Da suka shiga sabon wuri sai suka taru a kusurwa guda suka ƙi motsi. Na zauna ƙasa, bayana kamar zai tsinke, ina kallonsu.

"Bar su," in ji Baba. "Baƙunta ce. Sai sun ji ƙanshin yashin."

Kwana biyu suka saki jiki. Baba ya koma cin abinci, har yana ba jikokinsa labarin inda kowane irin kifi ke kwana a gulbi. Na yi zaton na huta.

Ran nan ina goge gilashi ya ce, "Wurin ya yi musu yawa. Ka ce ma abokina shi samo muna ragon ruwa guda, da 'yan tarwaɗa."

Na dubi matata a bakin ƙofa, ta dubi ƙasa. Na ce to.

Yanzu duk ranar Lahadi nakan je aron babur in ɗebo ruwan gulbi. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, na'urar da na sa tana hura wa kifin iska ta tsaya, sai in zauna da moɗa ina ɗiban ruwan ina zubawa daga sama har wuta ta dawo. Wani lokaci Baba barci yake yi, ni kaɗai nake zaune.