Tara a Kan Benci

Kowa a gidanmu ya yanke cewa ɗiyar yayata ba ta da kan karatu. Wasu suna cewa ƙiriniya ce ta yi mata yawa, Hajiyarmu kuwa har ta fara zancen a karɓo mata rubutu. Duk ba su gane ba. Yarinyar nan lafiyarta ƙalau, wasa ne ba ta samu, kuma da idona na gani.

Shekarunta bakwai, tana aji biyu a wata makarantar kuɗi a Gwale. Wata Talata ta manta kwanon abincinta, Yaya ta ce in bi ta da shi kafin a fita hutun tara. Na tafi ina mita, don na bar ɗinki a kan keke. Makarantar gida ne irin namu na cikin gari aka gyara, zaure ya zama ofis, ɗakuna suka zama azuzuwa. Na tsaya ina neman tsakar gida, ashe a cikinta nake. An rufe ta da kwano an jera bencina, ita ce aji biyu.

Aka kaɗa ƙararrawa, na matsa gefe kar yara su bangaje ni. Ba wanda ya tashi. Kowa ya buɗe kwanonsa a kan benci, malama ta juya tana cika allo da lissafi, wai su ci suna kwafa. Tamu tana can ƙarshe, ƙafarta sai rawa take a ƙarƙashin benci.

Na ce, "Malama, ba za su fita ba ne?"

Ta ce, "Su fita ina? Titi, adaidaita sahu ya kwashe min su? Iyayen ma cewa suke ba wasa suka kawo su ba. Ke ce ƙanwar mamanta ko? Gara da kika zo." Ta jawo durowa ta nuna min duwatsu biyar masu santsi. "Kullum sai na ƙwace irin waɗannan a aljihunta. Ina koyarwa tana carafke a kan cinya."

Na miƙa wa yarinyar kwanonta na fito. A hanya nake ta tuna firamarenmu ta gwamnati wajen Ƙofar Ruwa. Ajinmu ko ƙofa babu, a ƙasa muke zama. Amma da an buga tara sai mu fashe kamar an buɗe wa awaki garke, 'yar gala-gala, tsallen igiya, langa. Mu dawo ƙafa furu-furu muna haki, mu zauna shiru mu saurari malam, don jikin ya riga ya samu abin da yake so.

Sai na bi ranar yarinyar a raina. Da asuba karatun allo a zaure. Boko har ƙarfe biyu, da lesin a ciki. Ta ci abinci a tsaye, a sa mata hijabi, Islamiyya sai kusan magariba, sannan aikin gida. Asabar da Lahadi hadda. Yammacin Alhamis da na Juma'a kaɗai suka rage mata.

Da sakamako ya fito ta zo kusa da ƙarshe, kwana biyun nan ma Yaya ta ce za ta cike su da malamin lesin.

Na ce, "Yaya, ki bar mata kwana biyun nan."

"Ke da ba ki haihu ba, me kika sani?"

"Na san wadda ta fi kowa tsallen igiya a lungunmu. Ga ta nan yau tana hana wata."

Hajiya ta yi dariya ta ce, "Har randa ta taɓa fasa min." Yaya ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce zamaninmu daban, yanzu wanda ya tsaya wasa baya ake barinsa, kuma ita malamai suke kira, ba ni ba. A nan dai tana da gaskiya.

Na ce to ta ba ni lesin ɗin, ni ma na gama sakandare, lissafin aji biyu ba zai gagare ni ba. Kuma ban ɓoye mata ba, sai yarinya ta yi wasa ta gaji sannan mu buɗe littafi. Ta harare ni ta ce zango ɗaya, in sakamako bai motsa ba malami zai zo, ni kuma in rufe bakina. Na yarda, ko da yake ban san ko zai motsa ba.

Alhamis ɗin nan ina idar da la'asar zan rufe keke, in ɗauko gawayi a kicin in zana 'yar gala-gala a tsakar gidanmu. Duwatsu biyar kuma na riga na tsinto mata.