Baffa Sambo da Ƙwallon da Bai Gani Ba

Duk ɗan Ƙofar Dumi na wancan zamani ya san tafiyar Baffa Sambo, ƙanin mahaifina: sandar golf, wasan ƙwallon Turawa, gicciye a kafaɗa, hannuwa rataye a kanta, sai ka rantse shanu zai kora kiwo. Masinja ne a ofishin wani Bature. Da Baturen zai koma gida gab da samun 'yancin kai, sai ya bar masa sanda ɗaya da ƙwallo ɗaya. To, daga nan muka shiga uku!

Ni a lokacin ina shekara goma sha biyu, ina ɗaukar wa Turawa jakar sanduna a filinsu, har na iya bugu a ɓoye. Baffa kuwa in ya ɗaga sanda kamar maciji zai kashe. Ƙasa ta tashi, hannun babbar riga ya naɗe masa kai, ƙwallo yana nan zaune.

Amma ya ce wa ɗan wansa "koya min"? Ina! Sai dai ya miƙo min sandar yana ɓata rai: "Buga in ga kuskurenka." In na buga, ya ƙura min ido tun daga ƙafa har ƙugu, ya girgiza kai. "Da saura. Sake."

Wata rana ya yi sa'a ya taɓa ƙwallon, ya faɗa cikin ciyawa. Tun azahar muke nema har la'asar sakaliya, sai ga Baffa yana ihu ya gano shi. Ina zuwa na tarar ƙwan zabo ne. Ko kunya babu ya jefa shi aljihu: "Wannan na miya ne. Ci gaba da nema."

Da ƙwallon ya fito, na yi ƙarfin hali na ce, "Baffa, ba ƙarfi ba ne. Riga za ka cire, ka sunkuyar da kai, kada ka ɗago sai ƙwallon ya tafi."

"Ni? Da gemuna in sunkuya wa abin da bai kai ƙwai ba? Tafi can!"

Ana haka ya cika baki a majalisar Malam Ɗanjuma tela, cewa kafin a sauke tutar Turawa sai ya tsallakar da ƙwallo kwarin bayan fili. Malam Ɗanjuma ya ce in ya kasa, sandar za ta koma muciyar tuwo. Aka yi dariya, amma na ga abin ya taɓa shi. Kwana biyu bayan nan na hango shi bayan gida daga shi sai 'yar shara, yana kwaikwayon tsayuwata, kai a ƙasa. Na yi kamar ban gani ba.

Ranar da aka sa, majalisa duka ta biyo mu. Baffa ya cire riga ya ba ni, ya sunkuya, ya juya ƙugu a hankali. Ƙwas! Ƙwallo ya yi sama, ya haye kwari, ya sauka can nesa. Mutane suka ɗauki kabbara. Shi kuwa yana nan sunkuye, ya riƙe maganata da ƙarfi har ya wuce gona da iri. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Buba, in ɗago?"

Bugu ɗaya mai kyau a duk rayuwarsa, kowa ya gani ban da shi.

Bai ƙara yin irinsa ba. Har ya tsufa, ido ya tafi, in na je gaishe shi sai ya lalubo hannuna: "Buba, sake faɗa min yadda ya tashi." Wani lokaci har gajiya nake yi. Yau da zan samu, wallahi sai in wuni ina faɗa masa.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya haskaka kabarinsa, Ya buɗe masa ido a Aljanna ya ga abin da bai gani ba.