Kifin Teku a Randar Inna Sa'a

A gyara zama, jama'a, a rage muryar rediyo. Ga Inna Sa'a ta bayan tasha a Tasawa, sarauniyar ƙanƙara, mai mulkin firigo biyu, ɗaya ya mutu tun ina yaro ɗan makaranta ina zuwa lakwal, mace ta farko daga nan har Mayahi da ta ajiye teku a tsakar gidanta. Ita dai ba ta taɓa ganin tekun ba. Ruwa mafi girma da ta sani tabki ne, ya cika da damina, jakuna su sha, ya ƙafe.

Sana'arta ƙulla ruwa a leda, ta jera a firigo, ya daskare, masu hura da masu lemo su zo su ɗauka. Ba ta dariya a bakin aiki, kuma kullum tana bakin aiki.

Ɗanta na fari, Sufyan, direban kamiyo ne, babbar motar kaya, Lome yake zuwa. Tun da ta haife shi bakinta bai kama sunansa ba, kunyar ɗan fari. "Wancan" take ce masa. In ya dawo daga tafiya ba ta yi masa sannu a gaban mutane, sai dai ya ga tuwo ya yi tozo a kwanonsa.

Bana da bazara ya kawo mata tsaraba: akwatin gilashi, buhun gishiri na musamman, ɗan inji mai hura iska a ruwa da batirinsa, da kifi shuɗi guda ɗaya da bai kai babban yatsa ba.

"Inna, wannan na kallo ne, ba na miya ba," in ji shi. "Kifin teku ne, a ruwan gishiri yake rayuwa. Zafi ke kashe shi. Ki riƙe mini shi in je in dawo."

Ta dubi kifin. Ta dubi rana, wadda ke gasa ƙadangaru a kan katanga. Ta ce, "To."

Da farko abin bai yi wuya ba. In ruwa ya ɗau ɗumi, kifin ya hau sama yana haki, sai ta jefa ƙanƙara ɗaya da ledarta a ƙulle, don kada ta narke ta salance gishirin. Kifin ya zama babban mai sayen ƙanƙara a unguwa, kuma shi kaɗai ne ba ya cewa ta yi ƙanƙanta.

Sai kuran, wutar lantarki, ya fara wasan ɓuya. Wuta ta zo a ɗaura zane, kafin a gama ɗaurawa ta tafi. Ƙanƙara ta koma ruwa. Aka kira Halilu mai gyaran firigo. Ya zagaya akwatin, ya ce akwai inji na musamman da ke sanyaya ruwan irin wannan kifi, ana iya aikawa Maraɗi ko Kano a nemo.

"Da me yake aiki?" in ji Inna Sa'a.

"Da kuran, Inna."

"To gai da gida."

Kafin ya tafi ya ɗaura mata 'yar fanka a batir tana hura saman ruwan. Ta taimaka kaɗan, amma ruwan ya riƙa ƙafewa, gishiri na zama. Wannan bai dame ta ba: miya in ta tsotse a wuta ruwa ake ƙara mata, ba gishiri ba. Damuwarta batirin, bai iya ɗaukar fanka da injin iska tare. Kifin ya fara kwanciya a gefe kamar mai zazzaɓi.

Ran nan ta wanke tsohuwar randar da ke gindin itacen bedi, ta girke ta a jiƙaƙƙen rairayi, ta naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu, ta juye teku a ciki, ta zura bututun iska, ta rufe da faifai. Kafin la'asar kifin ya miƙe yana yawo. Ba mai ganinsa kuma, amma yana raye.

Ta manta abu ɗaya. Randa a gindin bedi ta kowa ce.

Ranar kasuwa sai ga Bube, dattijon makiyayi daga wajen garin Sarkin Hausa, wanda ya saba sauka gidan ya huta. Ya yi sallama, ya ɗaga faifai, ya ɗebo da moɗa. Inna Sa'a ta fito daga ɗaki ta hango wani abu shuɗi yana juyi a moɗar. A rayuwarta ba ta taɓa tsayar da baƙo yana kai ruwa baki ba. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta yi tari. Bube ya yi bismilla ya kurɓa.

Ya haɗiye, don baƙo ba ya tofar da ruwan gidan mutane. Ya leƙa moɗar. Kifin ma ya leƙo shi.

"Sa'a," ya ce a hankali, "bismillar ruwa na yi, ban yi ta nama ba."

"Na wancan ne. Mayar mini da shi."

Ya mayar da hannu biyu. Ya goge gemu, ya tambaya ko za ta bar masa ragowar ruwan in kifin ya gama da shi, shanunsa na son gishiri.

Tun daga ranar moɗa ta koma ɗaki, aka ɗora dutsen niƙa a kan faifai.

Jiya Sufyan ya dawo. Ya ga akwatin gilashi cike da albasa, ya ɗauka kifin ya mutu. Uwar ta nuna masa randa da haɓa. Ya ɗaga dutse, ya ɗaga faifai, ya daɗe a durƙushe yana dariya shi kaɗai.

Ni kuwa da ke zaune a gefe na gyara murya na ce, "Inna, za ki shiga tarihi. Kin kayar da bazarar Tasawa saboda son Sufyan."

Ta ci gaba da ƙulla ledarta.

"Ajiya ce aka ba ni, ban ci ba. Tashi, a kan buhun randa kake zaune."